Tarkon da Na Ɗana wa Auta

Wani fim ɗin Ostireliya ne ya jawo min, Scare Campaign, wanda ya fito a 2016. Wasu 'yan'uwa biyu, Colin da Cameron Cairnes, suka shirya shi. Labarin wasu masu shirin talabijin ne da ke ɓoye kyamara su firgita mutum, sai ya kusa suma su fito suna dariya. Da kasuwarsu ta fara ja baya, sai suka tafi wani tsohon asibitin masu taɓin hankali da aka daina amfani da shi, suka ɗana wa wani sabon ma'aikaci tarko. Nan fa jini ya fara zuba.

Mai hankali in ya gama kallo zai ce Allah ya kiyaye. Ni kuwa da na ajiye waya, abin da ya faɗo min a rai shi ne Autan gidanmu, wanda ya cinye min kilishina a satin ya kuma rantse ɓera ne.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, na ce alhamdulillahi. Na jingina wayata a kan buhun masara a ɗakin ajiya, na kunna bidiyo. Na kwaɓa garin rogo na shafe fuska, na yafa farin zanin gado, na laɓe bayan ƙofa. Na san kullum a wannan lokacin ake aikensa ɗebo gawayi.

Sauro ya yi biki a ƙafafuna. Garin rogon ya bushe, fuskata ta ɗaure tamau, ko ƙiftawa da ƙyar. Can na ji takun silifas. Ƙofa na buɗewa na yi tsalle, na saki wata ƙara da ni kaina ban san ina da ita ba.

Ashe Inna ce, kakarmu. Auta ya maƙale wajen kallon ƙwallo.

Na zata za ta faɗi. Ina! Ko gezau. A'uziyya ta ja, ta kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, hannunta kuma ya lalubo muciyar tuwo da ke jingine a bango. Aya ɗaya, duka uku. Na ce, "Inna ni ne! Wallahi ni ne!" Ta ce, "Ƙarya kake, la'ananne, har muryar jikana ka ara?" Ta ƙara min a gadon baya.

Zanin ya harɗe min ƙafa, na kife cikin gawayi. Da Baba ya iso da tocila, rabin fuskata fari ne, rabi baƙi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Shekararka nawa yanzu?" Na ce ashirin da bakwai. Ya juya ya tafi abinsa.

Wayar kuwa ta yi aikinta tsaf. Ina wanka Auta ya dawo ya tsince ta, kafin na fito bidiyon ya shiga zauren danginmu na WhatsApp, har ƙanwar Baba da ke Maraɗi ta bugo tana tambaya ko kafaɗar Inna ba ta yi tsami ba.

Yanzu duk baƙon da ya zo gaishe ta sai Inna ta ce, "Auta, kunna masa fim ɗina." Wurin muciyar take sa a maimaita.