Ka sayi sabuwar kyamara, kada ragowar kuɗinka ya tafi a kayan burgewa

Matasanmu na Zariya da suka shiga sana'ar hoto suna ta barin tsofaffin DSLR, wato kyamarori masu madubi a ciki, suna komawa kyamara mara madubi, kuma wallahi ina murna da hakan. Abin da ke damuna shi ne inda ragowar kuɗin ke tafiya. Yaro ya yi shekara yana tari, ya sayi Sony ko Canon, sai ya ɗauki ɗan abin da ya saura ya zuba a gimbal (mariƙin da ke hana bidiyo girgiza) da kejin ƙarfen da ake sa kyamara a ciki da babban makirfo, don a gan shi a wurin biki a ce ƙwararre ne. Batir ɗaya, memori ɗaya, kuma shi ma na bakin titi. Kamar mai doki ne da ya kashe kuɗinsa a kayan ado bai tanadi dusa da ciyawa ba.

Mutanen da kuke kallo a YouTube suna lissafa kayan da za ku saya ba su san hunturun Zariya ba, ba a kuma ɗauke musu wuta kwana biyu. Mu ƙura da rashin wuta su ya kamata su tsara mana sayayya.

Kyamara mara madubi tana cin batir, domin sensa, wato ɗan faifan da ke kama hoto a cikinta, da allo suna aiki duk lokacin da take a kunne, har ɗan gilashin da kake leƙawa ta ciki shi ma ƙaramin allo ne. A ma'aunin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, tsohuwar Nikon D750 tana kai hoto 1,230 da caji ɗaya. Sony a6400 mai ɗan batir NP-FW50 tana tsayawa a 410 idan da allon baya kake aiki, 360 idan leƙawa kake. Ko a7 III mai babban batir NP-FZ100 ba ta wuce 710. To ka lissafa yinin biki: ɗaurin aure da safe a cikin birni, walima da rana a Samaru, dina da dare, ga bidiyo a tsakani. Ka sayi batir biyu ƙari da caja mai ɗaukar biyu a lokaci guda, don wasu kyamarorin yanzu ba sa zuwa da caja a kwali, sai igiyar caji kawai. Idan taka tana caji ta USB-C, nemi fawa banki mai alamar PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, domin wasu kyamarori ba sa karɓar caji daga wanda ba shi da ita.

Maganar memori ita ce ta fi min zafi, saboda a nan amana take. Batir in ya mutu ka rasa hoton da ba ka ɗauka ba. Memori in ya lalace ka rasa wanda ka riga ka ɗauka, kuma babu amaryar da za a sake yi wa kamu don katinka ya ƙi buɗewa. Jabun memori ya cika kasuwa: a rubuta 128GB a jiki, ciki bai kai rabin rabin haka ba, yana ta karɓar hotuna yana taka na baya ba ka sani ba. Ka saya wurin wanda za ka iya komawa ka same shi, sannan ka gwada katin a kwamfuta da manhajar H2testw kafin ka fita aiki da shi. Kyauta take, tana cika katin ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa.

Ka duba alamar V a jikin katin. V30 na nufin ba zai sauka ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa wajen rubutu ba, kuma ya ishi 4K na yawancin ƙananan kyamarori. V60 da V90 na masu bidiyo mai nauyi ne. Kada mai shago ya ɗora maka V90 mai tsada alhali ramin memorin kyamararka UHS-I ne, wato mai ƙaramin gudu, kamar na a6400, don ba za ta ci moriyar gudun ba. Ni na fi son 64GB guda biyu a kan babba guda ɗaya. Wanda kyamararsa ke da rami biyu ya saita ta riƙa rubutawa a duka biyun.

Sai ƙura. A DSLR madubi na tsaye a gaban sensa. A yawancin waɗannan sababbin kuwa, da ka cire lens sensa ce ke kallonka a buɗe. Ka tuna yadda filin ƙofar fadar Sarkin Zazzau ke zama ranar Hawan Daushe in dawakai suka yi sukuwa, ko yadda gari ke yin fari daga Disamba zuwa Fabrairu. Canza lens a irin wannan wuri ganganci ne. In ya zama dole, ka kashe kyamarar, ka juya bakinta ƙasa, ka shiga mota ko zaure. Ɗan famfon robar nan mai hura iska, bulowa, kusan shi ne mafi araha a duk kayan, amma ni ba na fita babu shi. Kada ka hura da baki, yawu zai sauka a kan sensa. Kada ka sa bakin riga ko tishu. In kana son sanin ko ƙura ta shiga, ka ɗauki farin bango a f/16, wato ka tsuke ƙofar hasken lens sosai, ɗige-ɗigen za su fito fili.

Damina kuma tana da nata sharrin. Danshin Agusta yana sa gansakuka ta tsiro a cikin gilashin lens, musamman in an jefa shi cikin durowa an manta. Jaka mai zif mai kyau da ƙullin silika a ciki sun wadatar, tare da hular lens da ke kare gilashi daga rana da bugun cunkoso.

Ban ce gimbal ba shi da amfani ba. Wanda bidiyo ne abincinsa zai buƙace shi, amma bayan waɗannan. Kuma in kuɗi ya rage wa mai hoto, lens na 50mm f/1.8 mai shigar da haske sosai da filash guda za su canza aikinsa fiye da kowane keji, musamman a ɗakunanmu na cikin gida inda ake yi wa amarya lalle babu isasshen haske. Lens ɗin da ke zuwa da kyamara yawanci f/3.5 zuwa f/5.6 ne, da magariba ta yi sai hoto ya fara yashi-yashi.

Ku manyanmu da kuka daɗe a sana'ar nan a Sabon Gari da Tudun Wada, don Allah in yaro ya zo nuna muku sabuwar kyamararsa, bayan kun sa masa albarka ku buɗe jakarsa ku ƙirga batir da memori, ku ga ko akwai bulowa.