Man awo ne ya kashe injin nan, ku daina ɗora wa yaro laifi

Tun shekaranjiya da hoton Kantar nan, motata ta ɗaukar kaya, ya fara yawo, tana tsaye bakin titi tsakanin Jega da Koko da albasar mutanen Aliero a bayanta rana na dukanta, wayata ba ta huta ba. Masu jaje na gode, Allah shi bar zumunci. Amma masu cewa wai ƙanena da ke tuƙa ta ne ya cika gudu, da masu cewa lodi ne ya yi yawa, don Allah ku dakata haka nan. Man awo ne ya kashe injin nan, man awo, wato baƙin man da ake aunawa daga duro, da filtar jabu, kuma ko gobe anka tashe ni daga barci abin da zan faɗa ke nan.

Shekara nawa yaron nan na bin hanyar Yawuri zuwa Kwantagora da irin wanga lodi, ya taɓa buga inji? Abin da ya canza guda ne tak. Kwana uku kafin tafiyar na ba shi kuɗin juye baƙin mai cikakku, sai ya dawo yana murna yana miƙo mani canji wai "Yaya na samu wuri mai sauƙi bakin tasha, juye da filta da kuɗin aiki duk a haɗe." Yaro bai ci ko sisi ba, shi a ganinsa tattali ya yi mani, shi ya sa nake jin zafi in na ji ana zaginsa. Amma ku tsaya ku yi lissafi da kanku, kuɗin da sunka karɓa gaba ɗaya bai kai kuɗin man kirki galan biyu ba, kuma Kanta galan biyu na lita 4 ma da ƙyar suke isarta. To mutumin da ya ba ka mai da filta da aiki ƙasa da kuɗin man kansa, mi ya zuba maka? Shi ba sadaka ya fito yi ba, shi ma iyali gare shi. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Da Baba makanikenmu ya kwance ƙasan injin ya kira ni ya ce zo ka gani da idonka Alhaji. Metal, ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu cikin inji, sun cinye sun yi shuɗi don zafi, karanshaf ya yi zane, man da ya fito kuma ruwa-ruwa yana warin ƙuna kamar wanda ya shekara a ciki alhali kwanansa uku. Ya sa zarto ya yanka filtar a gabana, takardar ciki ba ta fi wadda ake naɗe ƙosai kauri ba, ta yage ta koma gefe guda, ke nan duk dattin da ya kamata ta tare ya wuce abinsa yana zagaya inji.

Mutane da yawa sun ɗauka baƙin mai duk baƙin mai ne, in dai ka murza a yatsa ka ji kauri shi ke nan. Wallahi wagga murzar yatsa ta kashe injin da ba shi ƙirguwa a ƙasar nan. Man inji na gaskiya haɗi ne, akwai gundarin man sannan kamfani ya zuba masa sinadarai, wani na wanke datti, wani na hana ƙarfe cin ƙarfe, wani na hana shi tsinkewa in zafi ya yi zafi. Abin da ke cikin duro ana aunawa da gwangwani sau da yawa gundarin ne tsura ba a zuba masa komai ba, wani lokaci ma tsohon da anka juye daga wata motar ne anka tace anka sake ba ka. A kwalba ka gan shi garai-garai, kallon kitse ake wa rogo. Ita kanta hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin waɗanga jabun mayuka tana jan kunne, amma mu nan ko a jikinmu. Kuma ku tuna inda muke, nan Kabi a watan Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ko'ina, ga lodi ga ramukan hanya mota na tafiya da ƙaramin giya tana nishi. Man kirki ma wahala yake sha balle na awo. Injin gas kuma ba irin na fetur ba ne, hayaƙinsa na da baƙin toka da yawa, shi ya sa yake da nashi mai, irin 15W-40 da za ka ga an rubuta CH-4 ko CI-4 a bayan galan. Mai awo ina ruwanshi da wanga rubutu, duro guda ne ga Kanta ga babur ga janareto ga injin ban ruwa.

Wani abokina ma'aikacin gwamnati ya kira wai da wurin dila nake kai motocina da hakan ba ta faru ba. Yallaɓai na ji, wanda ke da Hilux sabuwa dal mai garanti ya kai can, hakan shi ne daidai don in ya bari anka taɓa ta a waje garantin na iya faɗuwa, kuma ofis ke biya. Amma ni da tsohuwar Kanta 'yar Beljiyam in ajiye lodi in ɗauki hanyar Kaduna ko Abuja don juye kawai, gas ɗin zuwa da dawowa ya fi kuɗin juyen, wagga ba shawara ba ce ga mai neman na abinci. A bar wagga magana.

Wasu kuma sun ce ai tsada ce ta kai mutane ga man awo. Na sani, nima a kasuwar nan nake, tun 2023 da anka cire tallafi naira ta faɗi komai na mota ya tashi, galan ɗin da kake saye ba ka ko taya ba yanzu sai ka tsaya ka yi tunani. Amma bambancin man awo da na kirki a juye guda bai kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba, yanzu ga shi ina neman kuɗin inji sukutum, ga kuɗin motar da munka ɗauko ta kwashe kayan mutane kafin su ruɓe, ga kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo, ga yaron mota da direba duk suna zaune. Ina arhar take?

Abin da nake faɗa guda ne kuma zan ta maimaita shi har ku gaji da ni, ka sayi manka da kanka a rufe, ka sayi filtarka da kanka, ka tsaya kan motarka har a gama. Ka saya a gidan mai ko wurin dillalin da ka san shi ka san shagonshi shekara da shekaru, ka duba hatimin murfi ba a taɓa shi ba, don galan ma ana sake cika su. In ka kai wurin mai juye a buɗe galan a gabanka, ka ga tsohon ya tsiyaye tas tun inji na da ɗumi, ka ga an cire tsohuwar filta da robarta don wani lokaci robar na maƙalewa a ɗora sabuwa a kanta mai ya riƙa tsartuwa a hanya. Kada ka yarda a ce za a wanke maka cikin inji da kananzir ko gas. Kada ka bar yaro ya hau notin ƙasa da dogon bututu yana matsewa kamar notin taya, haka ake cinye zare daga nan sai ɗigo. In an gama a tada mota minti biyu a kashe, a jira kaɗan, ka zaro sandar gwaji ka duba da idonka. Sannan ka huda galan ɗin kafin ka bar shi wurin. Duka wanga bai kai awa ɗaya ba, amma sai ka ga mai mota ya miƙa makulli ya tafi shan shayi.

Masu yi da kansu a gida kuwa na jinjina muku, in kana da sifana da kwano da wuri mai kyau ba abin da ya fi shi kwanciyar hankali, musamman mai a-kori-kura da ke da tsawo ba sai an ɗaga ta ba. Roƙona kawai kada mutum ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, kuma a sa waigi. A rubuta ranar juye da lambar mita a ɗan littafi, irin hanyoyinmu kada a wuce kilomita 5,000. Wanda mitarshi ta mutu, kuma na san su ne da yawa, ya ƙirga da tirif. Fitilar mai kuma in ta kama a gaban direba a tsaya nan take, ba a liƙe ta da salatif ba, na ga masu yin haka da idona a tashar nan.

Na san ƙaddara gaskiya ce, na karɓa kuma na gode wa Allah da ba a rasa rai ba, don da a gangara abin ya same su da wanga lodi Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. Amma komai da sababinshi, kuma sababin wanga yana nan bakin tasha yanzu haka da duronshi yana auna ma wani.

Sai wani abu da ya tsaya mani a rai jiya a gareji. Tsohon man da ake juyewa ina yake zuwa? Na ga yaro ya kwashi kwano guda ya sheƙa cikin kwata, damina na sauka duk wanga sai fadama, inda muke noman shinkafa muna kama kifi dabbobinmu na sha. Masu katako na saye su shafa ma itace saboda gara, wannan da sauƙi. Amma na taɓa gani a kasuwar dabbobi wani na shafa ma sa a kan miki wai maganin ƙuda da kaska ne, na yi mashi magana ya ce haka sunka taso sunka gani ana yi. Malaman dabbobi da ke bibiyata don Allah ku yi ma makiyayanmu bayani kan wanga, ni nawa sani bai wuce na mota ba, amma abin da ya fito daga cikin inji ba na jikin mai rai ba ne.