A Jos in ba ka zo sujada ba, za a biyo ka gida

Shekara 6 kenan da na bar Jos na zo aiki Abuja, a Mararaba nake kwana a Wuse nake aiki. Ran Lahadin da ta wuce Mama ta kira ni da yamma, bayan mun gaisa sai ta ce "a kan me fasto ya yi wa'azi yau?" Na yi shiru, don ban je ba, kuma sati na 3 kenan a jere. Ba ta yi faɗa ba, ta ce toh Allah ya ba da ƙarfi, amma tun ranar abun yana ci na a rai.

Mu da muka tashi a Tudun Wada ba mu san wani abu wai neman lokaci ma Allah ba, lokacin yana nan a ajiye tun kafin a haife ka. Ƙarfe 5 na asuba Baba zai buga ƙofa, ko a watan Disamba ne da sanyin Jos ke shiga ƙashi, kowa ya fito da bargonshi a yi waƙa ɗaya a karanta aya a yi addu'a kafin a hura wuta. Laraba addu'ar tsakiyar mako, wata rana Zumuntar Mata ka ji tulu da gora na tashi tun daga bakin titi, Asabar 'yan kwaya, ga 'yan Sabon Rai masu fita wa'azin bishara, kuma duk da ƙafa ake zuwa. Gari ne da hedkwatar ikilisiyar ECWA da ta COCIN duk suna ciki, ga kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru, da wuya ka samu layin da ba dattijon ikilisiya ko ɗalibin tauhidi. In aka yi Lahadi ɗaya ba a ga fuskarka ba, kafin la'asar wani ya yi sallama a gidanku yana tambaya ko jiki ne.

A lokacin na ɗauka bangaskiyata ce mai ƙarfi. Sai da na zo nan na gane mutane ne suke riƙe da ni ta ko'ina kaman yadda ake kafa ma doya sanda.

Nan ma ƙarfe 5 nake tashi amma don in riga holdop ne, duk wanda ke bin hanyar Nyanya zuwa AYA ya san in ka makara da minti 20 sai ka yi awa 2 a kan titi, gangaren Kugbo kawai ya ishe ka. Ka dawo 9 na dare jiki duk ya mutu, ka ɗauki waya da niyyar buɗe Littafi Mai Tsarki sai ga saƙon oga a WhatsApp, daga nan Facebook, daga nan barci. Lahadi ita kaɗai ce ranar wanki da kasuwa da hutu. Kuma ba wai coci ne babu ba, Abuja cike take da su, manya manya masu sujada kashi 3 kashi 4, sai dai ka shiga ka ba da baiko ka fita wanda ya zauna kusa da kai bai san sunanka ba, in ka ɓace wata 6 ma kujerar ba za ta zauna babu kowa ba.

Abun da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan. Mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008 da na 2010, an sa dokar hana fita, mun kwana da takalmi a ƙafa, amma ban taɓa ganin an yi addu'a a gidanmu kaman lokacin ba, maƙwabta su taru a tsakar gida ɗaya ana kuka ana roƙon Ubangiji. Wuta da gudu ba su raba ni da Allah ba. Gajiya da albashi da waya ne suka kusa yi, a hankali, ba ko hayaniya. Shi ne Yesu ya faɗa a Markus sura 4, irin da ya faɗi cikin ƙaya ai ya tsiro, ba tsuntsu ne ya cinye shi ba, damuwar duniya da son dukiya ne suka shaƙe shi ya kasa ba da amfani.

Wasu za su ce ai Allah yana ko'ina, zuciya yake dubawa, ana iya bin sujada ta YouTube. Na gwada, ni dai ban yarda ba. Waya ba za ta lura ka rame ba, ba za ta tambaye ka ina ka shiga ba, ba banza Ibraniyawa 10:25 ta ce kar mu bar taruwa ba. Kuma ina kallon abokan aikina Musulmi, azahar na yi za su rufe kwamfuta su tafi alwala ko aiki ya kai wuya, ofis ɗaya muke holdop ɗaya muke sha, kenan maganar wai babu lokaci ba ta tsaya ba.

Ba na cewa kowa ya tattara ya koma Jos, abinci ne ya kawo mu, kuma Jos ɗin ma yaran yanzu waya ta kama su. Amma abun da aka yi mana kyauta a gida, nan sai ka gina shi da hannunka. Na fara karanta sura ɗaya a cikin mota tun daga Mararaba kafin mu kai Nyanya, data a kashe. Na kuma samu wata ƙaramar ikilisiya ta wajen Karu da ke sashen Hausa da safe, yawanci mutanen Filato ne da kudancin Kaduna, masu gadi da 'yan kasuwa da ma'aikata. Jiya na je addu'ar Laraba a makare da kayan ofis a jikina, da aka tashi na samu wani dattijo na ba shi lambata na ce Baba don Allah duk Lahadin da ba ku gan ni ba ku kira ni. Ya rubuta a bayan littafinshi, ya tambaye ni ɗan wane gida ne a Tudun Wada.