Kafin ka biya kuɗin CAMS, dubi teburinka na Maraɗi

Ƙannenmu da ke aiki a sashen konformite (sashen da ke tabbatar banki yana bin doka) na bankunan Maraɗi suna yawan tambayata wane karatu za su ƙaro, tunda ni ma aikin da nake yi ke nan a Faransa. Kusan kowa CAMS yake fara ambata, takardar shaidar ƙwarewa kan yaƙi da halatta kuɗin haram da ƙungiyar ACAMS ta Amurka ke bayarwa. Shawarata ita ce a dakata da ita tukuna. Takarda ce mai daraja, amma ba ita ce buƙatar farko ta wanda teburinsa ke Maraɗi ba.

Nan Faransa, mai buɗe asusu yana zuwa da takardar albashi, da ta haraji, da shaidar adireshi. Doka ta hana mazaunin ƙasar biyan ɗan kasuwa fiye da yuro 1,000 a hannu, abin da bai kai jika 700 na sefa ba. Don haka idan wani ya shigo da tsabar kuɗi masu yawa, kwamfuta ta yi ƙara, kuma tana da hujja. A Maraɗi fa? Alhajin da ke loda wa motoci wake ko aya zuwa Kano ta Ɗan Issa da Jibiya, ya karɓi naira, ya canza wajen 'yan canji, ya aiko yaronsa da buhun kuɗi banki, halaliyarsa ce, haka ya gaji kasuwancin. Ma'aikacin da ya haddace darasin Turai kaɗai zai ga laifi a kowane asusu, ko kuma ya gaji ya daina ganin komai. Na biyun ya fi ba ni tsoro, domin ta wannan iyakar ne kuɗin fansa na 'yan bindiga da na fasa-ƙwauri ke neman sajewa da kuɗin fataken kirki.

Karatun farko, a ganina, dokokinmu ne. Wanda zai zo ya buɗe maka dosiye, mai binciken Hukumar Bankuna ta UMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa) ne daga Abijan, kuma da umarnin BCEAO, babban bankinmu, zai auna ka. A 2023 ministocin UMOA sun amince da sabuwar dokar bai-ɗaya kan yaƙi da halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci, a karanta ta layi-layi. Haka ma rahoton tantancewar da GIABA, hukumar yaƙi da halatta kuɗin haram ta Afirka ta Yamma, ta yi wa Nijar, da shawarwari 40 na GAFI, takwararta ta duniya. Duk suna intanet kyauta. Sai a koyi rubuta rahoton zargi zuwa CENTIF (hukumar ƙasa da ke karɓar irin waɗannan rahotanni), wanda mai karantawa a Yamai zai fahimci me ya faru, yaushe, da abin da ya sa ka yi shakka. In akwai damar horo a COFEB, cibiyar BCEAO da ke Dakar, ko karatun aikin banki na ITB, na fi son a fara da su, don sun fi kusa da aikin yau da gobe.

Akwai kuma abin da ba a ba da takardarsa. Nan Faransa ban san abokan hulɗarmu ba, lamba ce a allo. Kai kuwa wanda za ka tambaya asalin kuɗinsa wataƙila aminin mahaifinka ne, ko surukin yayanka, kuma sahu ɗaya kuke ranar Juma'a. Yadda za ka ce "Baba Alhaji, ranka ya daɗe, doka ce ta ce a kawo takardar duwan" ba tare da ka ci masa fuska ba, kuma ba tare da ka janye ba, wannan a wurin tsofaffin ma'aikata ake koyonsa. Sannan doka ta hana ka sanar da mutum cewa an kai rahotonsa, ko da ɗan ɗakinku ne. Wanda bai shirya wa wannan nauyin ba, babu jarrabawar da za ta ɗauke masa shi.

To CAMS ɗin fa? Tana da lokacinta. In kana son komawa hedikwata ka riƙa hulɗa da bankunan waje da kuɗinmu ke ratsawa, ko kana neman aiki a Dakar ko Abijan, za ta buɗe maka ƙofa. Sai dai da dalar Amurka ake biya, kuma duk shekara 3 sai an sabunta. Ma'aikaci a Faransa ana zuba masa yuro 500 kowace shekara a asusun horo na CPF, ga abin da banki ke kashewa a kansa. Ɗan uwana na Maraɗi daga albashin da ake jira a gida zai cire. Shi ya sa nake cewa kada ya ci bashi dominta, ya nemi banki ya biya.

Kuma ina roƙon shugabannin bankuna su tuna da rassa idan ana rabon kujerun horo. Mai zaune a Maraɗi, Ƙonni ko Damagaram shi ke kallon kuɗin iyaka da idonsa kullum. A tura shi Dakar ya koyo, a kuma tura masu horarwa su zauna a reshensa su ga irin dosiyen da yake fama da su.