Makarantar kwalliya da kuɗin kayan aiki

Wallahi abin nan ya ishe ni. Wata uku kenan ina koyon kwalliya da gyaran gashi a wata makaranta nan Gombe, kuɗin rajista sai da yayata ta ɗauko min kwasar adashinta na biya, da sharaɗin zan riƙa zuba mata duk wata har ya cika. Lokacin da na je cewa suka yi komai da komai yana ciki, to yanzu duk sati sai malama ta turo saƙo a WhatsApp, gobe kowa ta zo da hodarta, jibi gashin ido da gam, gata kan roba na koyon kitso, kuma wai dole a wajensu za ki saya, wanda na gani a babbar kasuwa ba sa karɓa alhali iri ɗaya ne har kwalin.

Mu goma sha huɗu draya, wato na'urar busar da gashi, guda ɗaya ce, in an ɗauke wuta a ce mu haɗa kuɗin man janareto.

Abin da ya fi ci min rai, yawancinmu fa ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne, akwai zawarawa, akwai mai goyo da take barin jaririnta wajen kishiya, akwai 'yan mata da suka gama sakandare babu halin wucewa gaba. Ranar Asabar muka yi wa amarya lalle da kwalliya tun safe har la'asar, bayana kamar zai ɓalle, kuɗin ya shige aljihun makaranta, ko na Keke Napep ba a ba mu ba, da ƙafa na dawo unguwarmu Jekadafari.