Kaji biyar a daren Sallah

Tun 2018 Kawu mai aski yake kirana "Alhaji mai kaji", har yaran Shara Mansur, unguwarmu a Makka, sun ɗauka sunana ke nan.

Ranar buɗe gasar cin kofin duniya ce, Rasha da Saudiyya a Mosko, mu kuma muna azumin ƙarshe, mun cika shagonsa maƙil. Yunwa ce ko santsin baki, oho, na miƙe na ce duk ƙwallon da ta shiga ragar Saudiyya, kaza ɗaya a wuyana. Ina da hujja fa! A jadawalin FIFA Rasha ce ta kashin baya cikin ƙasashe 32 ɗin nan.

Minti 12 Gazinsky ya sa kai. Aka hasko Putin ya buɗe wa Yarima Muhammad bin Salman hannuwa. Kawu, aska a hannu, ko juyowa bai yi ba ya ce, "Ɗaya." Mutumin da bai san satar gida ba! Da Cheryshev ya ƙara kafin hutu, sai ya ce wa yaronsa ya nemo biro. Aka kira magariba, dabino ya ƙi wucewa a maƙogwarona.

Dzyuba ya shigo, ko gumi bai yi ba ya zuba ta uku. Na lissafa riyal ɗin aljihuna, na ce uku dai ba ta kashe mutum. Minti 90 ta cika, na miƙe, na sa takalmi ƙafa ɗaya, sai ihu. Cheryshev kuma. Na tsaya riƙe da ɗaya takalmin, ina cewa ai lokaci ya ƙare, alƙalin wasa ya busa mana. Kawu ya ce, "Zauna ɗana, ga bugun tazara can an ba su." Na ce wannan ko a mafarki ba ta shiga. Ban rufe baki ba Golovin ya lanƙwasa ta ta faɗa kusurwa. Wanda ake yi wa aski ya tashi da rabin kai yana tafi, ga kumfa a kunne. Kawu ya ɗaga yatsu biyar ya kawo su daidai hancina, ya juya su gaba da baya, wai ko ban gani da kyau ba.

Shi Kawun nan da ko shayi bai taɓa saya wa kowa ba, shi ya raka ni wurin mai gashi da kansa, yana zaɓen manya, yana cewa a ƙara yaji. Cinyoyi huɗu ya ci, ya ƙunshe rabin kaza wai na Hajiya. Washegari na je askin Sallah, ko riyal ɗaya bai rage mini ba.

Da Saudiyya ta ci Masar 2-1 na je shagon da wuri, na tarar ya tafi Jidda.