Grace ta fim ɗin The Others ba muguwa ba ce

Wanda bai kalli The Others ba ya wuce wannan rubutun, don zan tona ƙarshensa. Fim ne na 2001, Alejandro Amenábar ɗan ƙasar Sifen ne ya rubuta labarin, ya ba da umarni, har kiɗan ma shi ya haɗa. Nicole Kidman ta fito a matsayin Grace, uwar yara biyu, Anne da Nicholas, suna zaune a wani tangamemen tsohon gida a tsibirin Jersey a 1945, lokacin da aka gama yaƙin duniya na biyu, Jamusawa sun bar tsibirin bayan sun riƙe shi tun 1940.

Abin da yake min ciwo shi ne duk wanda ka yi hirar fim ɗin da shi sai ya ce ai matar nan muguwa ce, mahaukaciya, ta danne 'ya'yanta da matashi har suka mutu sannan ta harbe kanta da bindiga. Eh ta aikata, ba na musu kuma ba na wanke ta, amma don Allah ku duba inda aka bar ta. Mijinta Charles ya tafi yaƙi Faransa babu labarinsa, yaranta suna da wata lalura wadda in hasken rana ya taɓa su zai iya kashe su, saboda haka labule a rufe dare da rana, babu lantarki sai fitilar hannu, ba a buɗe ƙofa sai an kulle wadda aka baro a baya, ita kuma tana yawo da tarin makullai daga wannan ɗaki zuwa wancan, ga ciwon kai mai tsanani da ba ya son ƙara, babu uwa babu 'yar uwa babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce sannu. Shekaru a haka fa. Mutum ne ita, kai ya taɓu, kuma ni tausayinta ya fi rinjaye a raina.

Shi ya sa nake ganin fim ɗin ya fi yawancin finafinan ban tsoro da ake cika su da jini da dodanni. Nan babu jini kam. Ƙarar taku ce a saman bene, fiyano yana kaɗa kansa a ɗakin da aka kulle, Anne tana rantsuwa ta ga wani yaro Victor da wata tsohuwa mai fararen idanu, uwar kuma tana hukunta ta wai ƙarya take. Anne ce ta fi burge ni a yaran, yarinya mai tsiwa wadda ta tuna abin da uwarta ta yi ranar nan, tana ta faɗa ba wanda ya saurare ta.

Sai Mrs Mills, mai aikin da ta zo tare da tsoho Tuttle mai kula da lambu da Lydia bebiya. Su ukun tarin fuka ya kashe su tun 1891, Grace ta gano haka ne da ta ga hoton gawarwakinsu, irin hotunan da Turawan wancan zamanin suke ɗauka na mamatansu. Fionnula Flanagan, wadda ta fito a matsayin Mrs Mills, ta yi ƙoƙari sosai a nan wallahi, domin ta san gaskiya tun ranar farko amma ta bi Grace a hankali, kamar yadda dattijuwa take lallaɓa mai jego. Ba ta zo cutar da kowa ba.

Mu dai a aƙidarmu mamaci ba ya dawowa ya zauna a gida, kuma labarin a kan addinin Grace na Katolika aka gina shi, ita da take koya wa yaran Baibul da tsanani har ƙarshe ta rasa amsar da za ta ba su da suka tambaye ta ina suke yanzu. Wannan wajen ya fi taɓa ni fiye da lokacin da aka gane cewa su ne fatalwar, su Victor kuma rayayyun mutane ne da suka shigo gidan.

Fim ɗin ya ci kyautar Goya, babbar kyautar finafinai ta Sifen, guda 8 duk da Turanci ake yi a cikinsa, kuma ya cancanta. Ku sake kallonsa karo na biyu kuna sane da abin da ta yi, ku lura da fuskarta duk lokacin da Anne ta ambaci ranar nan, sai ku zo mu yi maganar ko muguwa ce.